Farar Waya a Cikin Ƙanƙara

Mijin yayata, Tolegen, shekara ashirin da biyu ya yi yana shugaban makarantar sakandare a unguwarmu da ke gefen Kostanai, kuma har yau bai yarda cewa ya yi ritaya ba. Da ya rasa ɗaliban da zai tsayar a layi sai ya dawo kanmu. Matarsa Dameli yana koya mata haɗa shayi, direban bas yana koya masa tuƙi, ni kuma yana koya mini lantarki. Ni Rauza, wadda ta yi shekara talatin da ɗaya tana aikin wuta a ma'ajiyar alkama, har girata ta hagu ta taɓa ƙonewa a bakin aiki.

A farkon Disamba suka yanka dokin da za su ci a lokacin sanyi, suka kira dangi cin naman fari ranar Asabar. Ranar Juma'a da dare sama ta buɗe da dusar ƙanƙara. Ba irin busasshiyar ƙanƙarar nan mai tashi kamar gari ba, jiƙaƙƙiya ce mai nauyi, wadda ke manne wa shebur. Da na iso gidansu da safe don taya Dameli murza fulawa, ƙanƙarar ta kai min gwiwa tun daga ƙofar waje har bakin baranda, kuma motoci bakwai ake jira da azahar.

Na tarar da shi a tsakar gida ya sha hular gashin dila, hannu a ƙugu, yana kallon wani jan inji sabo fil, kwalinsa a gefe.

"Baldiz, zo ki ga ci gaba," in ji shi. Haka yake kirana, ƙanwar mata, ko sau ɗaya bai taɓa faɗin sunana ba. "Daga yau shebur ya zama tarihi a gidan nan. Minti ashirin, an gama."

"Barka da arziki, Jezde," na ce, wato mijin yaya. "Ina wayarsa?"

"Waya kuma? Gidan nan waya ce ta yi mana ƙaranci?"

Injin mai kyau ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Ƙarfe ne mai murɗa a gabansa, yana yayumar ƙanƙara ya watsa ta gefe ta bututu. Amma 'yar guntuwar waya ce a jikinsa, tsawon hannu, sauran kai za ka kawo taka. Yaron kanti ya nuna masa wadda ta dace, mai kauri, ruwan lemo, wadda ake yi don waje. Tolegen ya ce masa shi ba yaro ba ne da za a liƙa wa kaya.

Sai ga shi ya fito da tarkacensa. Wayar ƙari ta talabijin, fara, siririya kamar taliya. Wayar firji. Da wata tsohuwa da suke jona fitilun ado da ita a sabuwar shekara, an naɗe tsakiyarta da salatif a inda ɓera ya taɓa ci. Ya jona wannan a bakin wannan, ya jona ta ukun, ya shimfiɗa su a kan ƙanƙara tun daga soket ɗin baranda.

Na ce, "Jezde, tsaya. Waɗannan na ɗaki ne. Injin nan yana jan wuta fiye da butar shayi, siririyar waya zafi za ta yi. Ga mahaɗa biyu ka kwantar a cikin jiƙa. Ga shi fara ce, ƙanƙara fara, nan da minti biyar kai kanka ba za ka san inda take ba. Ina da mai kauri a gida, mita talatin, guda ɗaya ba jone-jone. Ba ni rabin awa."

"Rabin awa! Baƙi na hanya, ita tana maganar rabin awa." Ya ɗaga ɗan yatsa, irin ɗagawar da yake yi wa yara. "Wuta dai wuta ce. Ta shiga nan, ta fita can. Na koyar da wannan kafin ki san sunan sukudireba."

"Adabi ka koyar."

"Na sha riƙe ajin kimiyya in malami bai zo ba."

"Allah sarki yaran."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya danna, ya riƙe mariƙin, injin ya yi gurnani ya feso ƙanƙara har kan rufin ɗakin kaji. Wallahi sai da fuskarsa ta yi haske kamar an ba shi lambar yabo. Ya tura taki huɗu, biyar, shida. Sai ɗif. Inji ya yi shiru, rediyon da ke kicin ma ta yi shiru.

Dameli ta leƙo ta ƙofa, hannunta duk fulawa. "Wa ya ɗauke wuta?"

Ba kowa ba ne, makashin tsaron da ke akwatin wutar gidan ne. Ni na sa musu shi da hannuna shekara uku da suka wuce. Aikinsa ɗaya: da zarar ya ji wuta na zurarewa ta inda bai kamata ba, sai ya katse ta kafin ta sami mutum. Na bi wayar na tono mahaɗar farko, na ɗaga masa. Ruwa na ɗiga daga ramukanta.

"Ka gani? Ba lalacewa ya yi ba. Magana yake maka."

"Abin da kika sa ne mai tsoro, kamar mai shi."

Ya shiga ya ɗaga makashin, ya dawo ya kunna. Taki uku, ɗif. Ya sake komawa. Na uku ko taki ɗaya bai yi ba. Duk shigar da zai yi sai ya bar wa Dameli sawun ƙanƙara a kan dardumar da ta shimfiɗa don baƙi, ita kuma tana bin sa da tsumma tana cewa, "Baban yara, ka ji maganar Rauza mana, aikinta ne." Shi kuwa kunnuwansa sun yi ja, domin maƙwabcinsu Yermek ya jingina da shinge, shebur a hannu, yana kallon ikon Allah.

"Tolegen aga, ko in zo da shebur in taya ka?" in ji Yermek, yana kiransa yaya.

"Riƙe shebur ɗinka, ƙanena. Yanzu za ka ga aiki."

Ya zare wayar daga baranda ya ja ta zuwa rumfar ajiya da ke bayan gida. Wutar rumfar nan ba ta bi ta akwatin gida ba. Tsohon layi ne da mahaifinsa ya ja tun zamanin da, ba makashin tsaro, sai wani tsohon fis da aka ɗaure da wayar tagulla mai kauri, wanda ko rumfar ce ke cin wuta ba zai tsinke ba. Sau uku ina cewa a bar ni in gyara, sau uku yana cewa abin da ya yi shekara hamsin yana aiki ba ya buƙatar likita.

Na bi shi. "Kada ka jona a nan. A can in ka yi kuskure wuta ce za ta ɗauke. A nan in ka yi kuskure kai za a ɗauke."

Ya juyo, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ɗaga murya yadda Yermek zai ji. "Baldiz, akwai kwaɓin fulawa yana jiranki a kicin. Kowa ya tsaya a ajinsa."

Abin da na yi daga nan ba na alfahari da shi. Da a wurin aiki ne, da na zare fis ɗin na sa a aljihu, duk mai ihu ya yi ihu. Na sha yi wa manyan injiniyoyi haka. Amma ranar zuciya ta ci ni. Na ce, "To, Allah ya ba da sa'a, injiniya," na karkaɗe takalmina na shige ciki. Na tsaya a bakin tagar kicin ina murza fulawa ina kallonsa, kuma gaskiyar magana jira nake wayar ta narke inji ya mutu, in yi dariyata son raina a gaban baƙi.

Wannan karon wuta ba ta ɗauke ba, don babu abin da zai ɗauke ta. Tolegen ya shiga aiki ƙirji a gaba. Duk wanda ya san inji mai waya ya san ana farawa ne daga kusa da soket a riƙa nisa, waya a bayanka, a ɓangaren da ka riga ka share, ana rataya ta a ƙugiyar da ke jikin mariƙi. An ma zana hoton haka a takardar da ke cikin kwali, wadda ya shimfiɗa a baranda don a riƙa goge ƙafa. Shi sai ya tafi can bakin ƙofar waje ya faro, yana dawowa ta kan wayarsa. Ƙanƙarar da yake fesawa kuma tana sauka a kanta tana binne ta.

"Ya iya kuwa," in ji Dameli, tana leƙe ta kafaɗata. Yayata ke nan. Shekara arba'in tana neman abin yabo a jikin mutumin nan, kuma kullum sai ta samo.

"Apa, ina wayar take?" na tambaye ta, da sunan da muke kiran yaya mace.

"Wace waya?"

"Yawwa. Shi ma bai sani ba."

Ban rufe baki ba muka ji ƙarar ta sauya, wani ƙarrr, sai shiru. Ƙarfen gaban ya cafko farar wayar ya naɗe ta ya yage ta. Tolegen ya tsaya yana kallon injin kamar ɗalibin da ya yi masa rashin kunya. Ya ɗan shure shi. Ya waiga ko Yermek na kallo, yana kallo. Sai ya durƙusa a kan gwiwoyinsa cikin jiƙaƙƙiyar ƙanƙara, ya sa haƙori ya zare safar hannunsa ta dama.

A tunaninsa tunda inji ya tsaya, wuta ta tafi. Bai tuna cewa ɗaya bakin wayar na nan a soket ba.

Na buga gilashin taga da muciya ina ihu, amma tagoginmu biyu-biyu ne, an liƙe su saboda sanyi. Na yar da muciyar na fita da silifas. Ina kaiwa baranda na ji wani sauti ya fito daga bakinsa, ba ihu ba, kamar an shaƙe rago. Hannunsa ya damƙe wayar ya ƙi buɗewa, kafaɗarsa na karkarwa, hular ta faɗi.

Dameli ta wuce ni a guje, hannuwa a miƙe za ta rungumo shi. Na cafko bayan rigarta na fizgo ta har ta zauna a ƙanƙara.

"Kar ki taɓa shi! Yermek, kar ka taɓa shi!"

Na nufi rumfa. Taki goma sha biyar ne, silifas ɗaya ya tsaya a hanya. Na kama kan fulogin na fizge, da zafi kamar an ciro shi daga murhu. Da na juyo Tolegen ya kife a gefen injin, hannun ya saki.

Yana numfashi. Shi na fara dubawa. Idonsa a buɗe, leɓensa ya yi fari, tafin hannunsa da yatsu biyu sun ƙone, wurin ya yi fari-fari da baƙi a gefe. Yermek ya tsallako shinge muka kinkime shi zuwa baranda, Dameli na kuka tana kiran sunayen 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya kamar su ne za su zo su gyara. Na kira motar asibiti.

Abu na farko da ya faɗa da bakinsa ya dawo shi ne, "Ba sai an kira kowa ba. Ɗan tsami ne kawai."

"Yi shiru, Jezde. Wutar da ta bi ta hannu ta fita ta gwiwa ta gaisa da zuciya a hanya. Likita zai faɗa mana ko tsami ne."

"Baƙi fa?"

"Baƙi za su ci nama ko kana nan ko ba ka nan."

Motar asibitin ba ta iya shigowa ba, saboda injin minti ashirin bai share ko rabin hanya ba. A kan shimfiɗa aka ɗauke shi, ma'aikata biyu suna nutsewa har gwiwa. Ma'aikaciyar, wata yarinya mai tabarau, ta tsaya ta kalli wayoyin nan uku da salatif ɗinsu, ta kalle shi, ta ce, "Agai, malam, ba ku gane ni ba? Na yi makarantarku. Ku ne kuke hana mu taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu." Ya rufe ido.

Dameli ta bi shi. Ni da Yermek muka ɗauki shebur, kafin azahar mun buɗe wa motoci wuri. Baƙi suka zo, na zuba musu beshbarmak, wato naman doki da faffaɗar taliya, aka yanka kazi, hanjin doki da aka cusa wa nama, aka yi addu'a. Kan dokin da ya kamata mai gida ya miƙa wa babban baƙo, ƙanen Tolegen ne ya miƙa. Kowa na tambaya, ni kuma na ce ya ɗan ji ciwo a hannu wurin aiki. Da an ce min da safe zan sami labari irin wannan a kansa in ƙi bayarwa, da na ƙaryata. Amma duk lokacin da na buɗe baki sai in tuna ni ce na tsaya a taga ina jira, sai in fasa, in ci gaba da zuba wa baƙi nama.

Kwana biyu suka riƙe shi suna duba bugun zuciyarsa. Zuciyar lafiya, likita ya ce sa'a ya yi ba kaɗan ba. Hannun ne ya ɗauki lokaci, kuma ɗan yatsan tsakiya har yau ba ya lanƙwashewa sosai. Kafin ya dawo na tsinke layin rumfar gaba ɗaya na ja sabo daga akwatin gida, na sa soket mai murfi a bangon waje. Ban tambayi kowa ba. Wayoyin nan uku kuwa na daddatse su da filaya gunduwa-gunduwa kafin in zuba a shara, don na san halinsa, zai iya tsincewa.

Ranar da na je duba shi a gida na same shi a kan kujera, hannu a naɗe, ya tara mutum uku yana ba su labari. A bakinsa injin ne ya zo da aibi daga masana'anta, shi kuma da ya ga wuta na neman kama gida sai ya kama wayar da hannunsa don ya ceci iyali. Dameli na zuba shayi tana kallon ƙasa. Da suka tafi ya ce, "Baldiz, ɗauko takarda da biro. Hannuna ba ya rubutu. Ƙara zan kai kantin nan."

Na ɗauko na zauna.

"Rubuta. Zuwa ga shugaban kanti. Ni, tsohon shugaban makaranta, wanda ya yi wa ilimi hidima shekara arba'in, ina sanar da ku cikin takaici cewa kun sayar mini da inji mai hatsari ga rayuwar al'umma."

Ya yi ta zuba, yana kai da komo a ɗaki, yana ɗaga hannun mai bandeji a duk inda ya ga ya dace. Ni kuma ina rubutu. Sai da ya cika shafi a ganinsa sannan ya zauna ya ce in karanta masa.

Na karanta abin da na rubuta. "Zuwa ga shugaban kanti. Ni Tolegen na sayi inji a wurinku. Yaronku ya nuna mini wayar da ta dace na ƙi saya. Na jona wayoyin ɗaki guda uku na shimfiɗa a cikin jiƙa. Makashin tsaro ya ɗauke wuta sau uku, na kewaye shi. Na bi ta kan wayar da inji, na kama ta da hannu ban zare fulogi ba. Ƙanwar matata ta ga duk wannan, ta san abin da zai iya faruwa, ta yi fushi ta tafi kicin. Injinku lafiyarsa ƙalau."

Dameli ta tsaya da buta a hannu. Ina jiran ya tashi da faɗa, na ma shirya amsoshina.

Sai ya miƙo hannun hagu. Na ba shi. Ya sa tabarau ya bi takardar layi-layi, a hankali, bakinsa na motsi. Ya daɗe a kan layin kusa da na ƙarshe, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya mayar da kai.

"Kin bar waƙafi biyu," in ji shi. "Kuma rubutunki kamar kaza ta bi ta kan takarda."

Ya ninke ta huɗu da hannu ɗaya, da ƙyar, ya tashi ya buɗe murhu ya jefa. Ya dawo ya zauna ya tura wa Dameli kofinsa.

"Ƙara wa baldiz shayi. Ki sa mata madara da yawa, ba ta iya haɗawa ba."